Dikoda na kashe kanta cikin dare kafin ta gama naɗar shiri: tambayoyi da amsoshi

Sana'ata haɗa dish da gyaran dikoda. A Agege nake zaune, amma aiki yana kai ni Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, wani lokaci har Obalende. Kukan da na fi ji daga bakin mutanenmu shi ne na naɗar shiri cikin dare. Yawancinmu a Legas masu sammako ne ko masu kwanan aiki: mai gadi yana bakin ƙofa har gari ya waye, ɗan gwari yana Mile 12 tun kafin kiran farko yana jiran motar tumatir da albasa, mahauci ya kama hanyar kwatar Oko-Oba da duhu-duhu. Ba wanda zai iya zama ƙarfe biyun dare yana kallon ƙwallo ko sallar asuba daga Harami. Sai mutum ya saita dikoda ya tafi, ya dawo da ɗokinsa, ya tarar da rabin shiri ko baƙin allo. Ga tambayoyin da ake yi mini, da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, na saita ta daidai na kwanta, da safe na tarar ta mutu. Ta lalace ne?

Da wuya. A cikin dikodojin da ake kawo mini da wannan kuka, kaɗan ne ke da ciwon da sai an kwance su. Kafin ka ciro wayoyi ka rungumo ta zuwa shago, buɗe wurin da take ajiye abin da ta naɗa, ka duba abu biyu: tsawon abin da ta ɗauka, da girmansa. Wannan shi ne shaidarka, kuma da shi nake fara bincike.

Idan kullum tana yankewa bayan awa uku ko huɗu daga lokacin da aka taɓa rimot na ƙarshe, kashe-kai ne na tanadin wuta. Idan awa biyu cif take ɗauka, ba ƙari ba ragi, maɓallin ɗauka ka danna da hannu. Idan girman fayil ya tsaya a gigabait 4, matsalar tsarin filash ɗinka ce. Idan kuwa yau ta yanke ƙarfe ɗaya da minti goma, gobe ƙarfe uku da rabi, jibi ta kai ƙarshe lafiya, to wuta ce ko ruwan sama. Ciwo mai zuwa a kan lokaci ɗaya daga saiti yake. Mai zuwa barkatai daga waje yake shigowa.

To me ya sa na'ura za ta kashe kanta ba wanda ya sa ta?

Saboda haka aka ƙera ta. A shekarar 2009 Tarayyar Turai ta kafa doka kan ƙananan dikodoji: dole na'urar ta koma barci da kanta kafin a cika awa uku idan ba a taɓa rimot ba ko ba a canza tasha ba, ta nuna gargaɗi a allo minti biyu kafin ta mutu, kuma ta fito daga masana'anta da wannan tsari a kunne. A wannan shekarar aka yi wa talabijin irin wannan doka, ita kuma awa huɗu aka ba ta. Masana'antun da ke ƙera wa Turai su ne dai ke ƙera waɗanda ake jibgewa a kasuwar Alaba, ba kuma za su zauna su rubuta wa kowace ƙasa manhajarta daban ba. Shi ya sa dokar da aka yi don rage kuɗin wuta a Jamus da Faransa take kashe maka dikoda a Agege.

Abin lura shi ne yadda take lissafi. Ita ba ta ganin mutum, rimot kawai take saurare. Ka canza tasha ƙarfe goma na dare ka kwanta, ta fara ƙirga. Wajen ƙarfe ɗaya ta fito da saƙo cewa za ta mutu in ba a danna wani maɓalli ba. Kai kana barci, minti biyu suka wuce, ta rufe ido. Dikoda mai kyakkyawar manhaja takan gane cewa tana cikin naɗa, sai ta jinkirta barcin har ta gama. Masu araha da yawa ba su da wannan wayon, musamman idan shirin da ka saita bai fara ba tukuna, ko kuma wata na'ura ce daban take ɗauka daga jikinta.

A ina zan kashe wannan abin?

Danna maɓallin menu, ka nemi sashen da aka rubuta System ko Settings, wasu kuma suna ɓoye shi ƙarƙashin Other ko Power. Sunan da za ka gani ya danganta da kamfani: Auto Standby, Auto Power Down, ko Power Saving. Ka mayar da shi Off. Idan babu Off sai zaɓin awoyi, ɗauki mafi tsawo. Ka fita da maɓallin Exit, in ta tambaye ka ko ta ajiye canjin ka amsa mata da e. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su canza saitin su zare soket ba su ajiye ba.

Kada ka rikita shi da Sleep Timer. Wannan agogon barci ne da kai kake sa wa minti 30 ko 60 ko 120, sau da yawa ma yara ne ke danna shi a rimot ba su sani ba. Shi ma ka tabbata yana kashe.

Akwai na uku da ba kowa ya san shi ba. Wasu dikodojin barcinsu iri biyu ne: mai nauyi, wanda kusan komai na cikinta ke mutuwa, da marar nauyi, wanda allo ne kawai ke ɗaukewa amma cikinta na aiki. Idan ka ga Deep Standby ko Low Power, kashe shi, domin wasu ba sa farkawa daga barci mai nauyi a kan lokacin da ka saita. Kuma duk ranar da aka sabunta mata manhaja ko aka mayar da ita saitin masana'anta, ka koma ka sake dubawa, don kashe-kan yana dawowa a kunne.

Oga, tawa ba ta naɗa da kanta. Kwamfuta nake jona mata ta ɗauka, kuma na bincika menu kaf babu wurin kashewa.

Wannan ita ce mafi wuya, domin dikodar ba ta ma san ana ɗaukar komai daga jikinta ba. A ganinta ɗakin ba kowa. Dabarar ita ce ka sa ta ji kamar an taɓa ta.

Yawancin dikodoji suna da agogon tuni, wanda ke juya ta zuwa wata tasha a lokacin da ka zaɓa. Saita shi ya juyo kan tashar da kake ɗauka duk bayan awa biyu: ƙarfe goma sha biyu, ƙarfe biyu, ƙarfe huɗu. A wasu na'urorin wannan juyin yana sake ƙirgen daga farko, a wasu kuma ba ya yi, don haka gwada da rana kafin ka dogara da shi. Idan bai yi ba, a sa agogon ya tayar da ita daga barci minti biyar kafin shirin ya fara, maimakon a bar ta a kunne tun bayan isha'i. Da haka awa ukunta za su fara ne daga farkon shirin, sun kuma ishi yawancin wasanni. Mafi ƙaranci dai, in kana gida, ka danna maɓallin ƙara murya daf da kwanciyarka, kada ka bar ƙirgen ya fara tun magariba.

Sai ka sani cewa hoton da ke bi ta wayar HDMI daga dikodar biya yana ɗauke da kariyar hana kwafa. Idan kwamfutarka baƙin allo take ɗaukowa tun daga farko, wannan ne dalili, ba kashe-kai ba.

Na kashe Auto Standby, amma da na kashe talabijin sai dikodar ta bi ta.

Wayar HDMI ce ke kai saƙon. Akwai tsarin da ke sa na'urorin da aka jona su riƙa yi wa juna magana, har rimot ɗaya ya kashe su gaba ɗaya. Sunansa na asali CEC, amma kowane kamfani da abin da yake kiransa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Ko ba ka kashe talabijin da hannunka ba, ita ma tana da nata kashe-kan na awa huɗu, in ta tafi sai ta ja dikodar. Shiga saitin talabijin ka kashe wannan tsarin, ko ka kashe shi a dikodar idan tana da wurin. Naɗa ba ta buƙatar talabijin ko kaɗan. Kana iya zare ta daga soket ma, dikoda za ta yi aikinta.

Kullum awa biyu daidai take ɗauka ta tsaya.

Jan maɓallin ɗauka ka danna. A dikodojin tasoshin kyauta da yawa, wannan maɓallin awa biyu yake bayarwa in ba ka ce masa komai ba. Sake danna shi karo na biyu, galibi za ta fito da wurin rubuta tsawon da kake so. Amma ni ba na son a dogara da shi don aikin dare. Shiga Timer ka rubuta tasha da rana da lokacin farawa da na gamawa, kuma ka tabbata ka zaɓi Record. Na sha zuwa gida na tarar an zaɓi View, ma'ana dikodar ta farka a kan lokaci, ta buɗe tashar, ta yi ta nuna wa ɗaki shirin ba ta ajiye komai ba.

Fayil ɗin yana tsayawa a gigabait 4, alhali filash ɗina 64 ne.

Tsarin da aka shirya filash ɗin da shi ne, wato FAT32. A wannan tsari fayil guda ba ya wuce gigabait 4 ko da sauran wuri ya kai nawa. Tasha mai hoto tangaran da ke zuwa da megabit 8 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 3.6 a awa, ka ga ke nan cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ta cika ma'aunin. Wasu dikodojin suna yanka shirin gida-gida su ci gaba, wasu kuma a nan suke tsayawa. Idan taka tana karɓar NTFS, wani tsarin da ba shi da wannan iyaka, kwashe abin da ke cikin filash ɗin ka sake shirya shi da wannan tsarin, zai fi kyau ma a cikin menu na dikodar kanta. Shiryawar tana goge komai, kada a manta da hotunan biki a ciki.

Sannan akwai filash na jabu, kuma sun yi yawa a hannun masu talla a gefen titi. An rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, amma ainihin cikinsa bai kai haka ba. Da ya cika sai ya fara taka abin da ya riga ya ajiye. Alamarsa ita ce fayil ya nuna girma daidai, amma ya ƙi buɗewa ko ya daskare a tsakiya. Araha ba ta ado. Je shago tsayayye a Computer Village da ke Ikeja ko a Alaba, wanda za ka iya komawa in an samu matsala.

Mai amfani da faifan ajiya na waje, wanda 'yan kasuwa ke kira had dis, shi kuma tasa matsalar ƙarfin wuta ce. Ramin USB 2.0 rabin amfiya yake bayarwa a kan bolt 5, faifan kuma yana neman fiye da haka lokacin da zai fara juyawa. Da rana kana kusa, in ya ƙi tashi ka zare ka mayar. Ƙarfe biyun dare ba mai yi masa haka. In kana jin yana ƙas-ƙas, nemo mai adaftarsa daban, ko ka sa masa mahaɗar USB mai shan wuta daga soket.

Gaskiya ni matsalata ɗauke wuta ce. Ina da inbata amma duk da haka tana yankewa.

A nan yawancin 'yan Legas suke, kuma a nan aka fi ɓarnar kuɗi a kan abin da ba zai yi magani ba. Ko wanda ke layin Band A, tun da aka fito da sabon farashinsa a watan Afrilun 2024, alƙawarin awa 20 ne a rana. Sauran huɗun suna iya faɗowa tsakar dare. Kuma dikoda ba sai an ɗauke na awa guda ba. Ƙiftawar daƙiƙa ɗaya ta isa ta mutu ta sake tashi. In da jan maɓalli ka fara ɗaukar, shi ke nan ta tafi. In da Timer ne, wasu suna ci gaba bayan sun farfaɗo su buɗe sabon fayil, wasu ba sa yi. Wani lokaci ma fayil ɗin farko yana lalacewa saboda ba a rufe shi ba.

Mai inbata ya duba abu biyu. Na farko, saurin karɓar aiki. Inbatoci da yawa suna da zaɓin da aka rubuta UPS, wanda ke karɓa nan take, da wani mai ɗan jinkiri. Sa shi a UPS. Na biyu, tsarin tanadin batir. Wasu inbatocin idan suka ji kayan da ke kansu sun yi ƙanƙanta sai su ɗauka ba komai a jone, su kwanta. Da dare an kashe fanka da fitilu da talabijin, saura dikoda mai cin wat goma sha wani abu, sai inbata ta yi barci ta bar ta. Na taɓa yin kwana uku ina zarya gidan wani Alhaji a Idi-Araba, na canza adafta, na canza filash, ashe wannan ne. Muka kashe tsarin tanadin, magana ta ƙare. Wasu ƙananan UPS na kwamfuta, wato akwatin batir mai riƙe ta in an ɗauke wuta, su ma suna da wannan halin.

Wanda ba shi da inbata ba sai ya sayi babba ba. Juya adaftar dikodarka ka karanta. In an rubuta bolt 12 da amfiya 1.5, iyakar abin da za ta ja wat 18 ne, kuma yawanci ba ta kaiwa. Mu ce wat 15. Dare mai awa takwas zai ci 120 a ma'aunin wat-awa. Batirin da ke cikin ƙaramin UPS na kwamfuta, mai bolt 12 da 7Ah, 84 ne a takarda, kuma bayan asarar juya wuta kada ka sa rai da fiye da rabi. Zai tsallakar da kai ƙiftawa da ɗaukewar awa biyu, ba zai kai ka asuba ba.

Abin da na fi ba da shawara shi ne ƙaramin batirin nan da ake sa wa na'urar intanet ta gida, mai fitar da bolt 12 kai tsaye. Yana zama tsakanin soket da dikoda, ba ya ƙiftawa, ba ya ɓarnar wuta wajen juyawa. Amma a yi hattara da lambar da ke jikin kwali. Wanda aka rubuta wa 10,000mAh yawanci a kan bolt 3.7 aka auna, wato wat-awa 37, kimanin awa biyu ke nan ga dikoda mai wat 15. Nemi babba, ko ka lissafa tsawon shirin da kake so. Bolt ya zama daidai da na adaftarka, amfiya ta kai ko ta fi, bakin wayar kuma ya dace. Bolt 19 na caja kwamfuta a dikodar bolt 12 ƙonewa ce nan take, na ga wannan ba sau ɗaya ba. Dikodar da wayarta ke shiga soket kai tsaye ba adafta, ita sai UPS ko inbata.

In bar janareta a kunne har safe mana?

Don Allah kada ka yi. Ko ba a yi maganar kuɗin fetur da haƙƙin maƙwabta ba, hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. A gidajen haya irin namu na Agege da Mushin, inda ɗakuna ke fuskantar juna ana ajiye janareta a lungu ko bakin taga, haɗarin ya fi yawa. Babu wasan ƙwallon da ya kai ran iyalinka. Sayi batir.

Dikodar ba ta mutu ba, amma tsakiyar shirin duk ya farfashe, wani wurin baƙi ƙirin.

Tambayi wanda ya kwana a farke ko an yi ruwa. Yawancin dish ɗin gida a zangon Ku suke aiki, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, kuma ɗigon ruwan sama yana shanye wannan siginar. Damina a Legas doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuni, ruwan kuma yana son dare. Wasu dikodojin in sigina ta ɗauke suna jira ta dawo, wasu suna rufe fayil ɗin.

Ba za ka hana ruwa sauka ba, amma za ka iya ba dish ɗinka rarar ƙarfi. Duba ma'aunin Quality a ranar da gari yake garau. In da ƙyar yake tsaye a lokacin, yayyafi ma zai kayar da shi. A sake saita dish ɗin, a ɗaure shi tamau don iska, in ƙarami ne mai santimita 60 a koma mai 90. A duba kan wayar da ke shiga LNB, wato ɗan kan da ke gaban dish yana karɓar sigina. Iskar Legas da danshi da gishirin teku suna cin ƙarfe, musamman ga na Obalende da sauran unguwannin bakin ruwa. Kan da ya yi tsatsa ko ruwa ya shige shi a yanke a sa sabo a naɗe. Ta cikin wannan wayar dikoda ke aika wa LNB wutar bolt 13 ko 18, don haka in ruwa ya haɗa wayoyin wasu dikodojin har mutuwa suke yi su tashi.

Ta naɗa lafiya, amma wani shiri daban ta ɗauko.

Agogo ne ko kwanan wata. Najeriya tana gaban GMT da awa ɗaya duk shekara, ba ma canza agogo. A saitin lokaci ka sa GMT+1, ka kashe Summer Time. Dikodar tasoshin kyauta daga tauraron ɗan'adam take karɓar lokaci, kuma ba kowace tasha ke aiko da daidai ba. In ka ga agogonta yana tsalle idan ka canza tasha, bar ta a kan tashar da za a ɗauka, ka tabbata agogon ya yi daidai da na wayarka kafin ka tafi.

Kwanan wata kuwa, lissafinmu ne ke karo da nata. Mu a wurinmu dare yana gaban yini: daren Juma'a shi ne wanda ke farawa da magaribar Alhamis. Ita dikoda sai ƙarfe goma sha biyun dare take juya rana. Shirin ƙarfe sha ɗaya na daren Juma'a, a wurinta Alhamis ne. Na ƙarfe ɗaya a wannan daren kuma Juma'a ne. Ga sanarwar wasanni da ke zuwa da ranar ƙasar da ake bugawa: wasan da aka ce na Asabar da dare ne a Amurka, a Legas ya riga ya shiga Lahadi. Sa agogon a tsarin awa 24, ka rubuta 00:30 maimakon 12:30, ka huta da rikicin safe da yamma.

Ƙasashen waje su suna canzawa. New York tana bayanmu da awa biyar daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba, sauran watanni awa shida. Shirin ƙarfe takwas na darensu ƙarfe ɗaya ne a nan, da sanyinsu ya shigo ya koma ƙarfe biyu. Ingila lokacinmu ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, bayan nan muna gabansu da awa ɗaya. Saudiyya ba ta canzawa, tana gabanmu da awa biyu, amma lokacin sallar ne ke motsi: asubar Makka tana faɗowa tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare a agogon Legas gwargwadon watan da ake ciki. Hajiyar da ta saita tun watan jiya ta sake dubawa.

Minti nawa zan ƙara a ƙarshe?

Ga shirin da aka riga aka shirya, kamar wasan kwaikwayo ko maimaicin labarai, minti biyar a gaba da goma sha biyar a baya sun isa. Ga abin da ake yi kai tsaye, ka yi hannu sake. Wasan ƙarshe na Copa America a Miami, ranar 14 ga Yulin 2024, tsakanin Ajantina da Kolombiya, an sa shi ƙarfe takwas na darensu, ƙarfe ɗaya ke nan a Legas. Turmutsitsi a ƙofofin filin ya sa aka jinkirta fiye da awa ɗaya, aka tsawaita hutun rabin lokaci, wasan kuma ya tafi ƙarin lokaci. Ƙwallo ɗaya tilo da Lautaro Martínez ya ci ta shiga a minti na 112, lokacin an haura ƙarfe huɗu da rabi a nan. Duk wanda ya saita ɗaya zuwa uku ko rabin farko bai samu cikakke ba. Wasan da dole sai an fitar da gwani, ni awa biyu nake ƙarawa. Wuri a filash ana goge shi da safe.

Yara sun tashi sun canza tasha, ɗaukar ta tsaya.

Dikoda mai hanyar kamu ɗaya ba ta iya naɗar wata tasha tana nuna wata, sai in tasoshin biyu a kan mita ɗaya suke. Ɗauke rimot ka sa a aljihu. Ka kuma duba kada Timer biyu su hau kan juna, don ɗaya zai kori ɗaya.

Hajiya ta ce barin ta a kunne har safe zai ƙona ta.

Tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Daɗewa a kunne ba ya kashe dikoda, zafi ne ke kashe ta. Wadda aka rufe da ƙyallen ado don ƙura, ko aka cusa cikin durowar gilashi, ko aka ɗora a kan amfilifaya, ita ce ke daskarewa tsakar dare. A yaye ƙyallen, a bar mata sarari ta kowane gefe, lokacin hunturu a riƙa share ƙurar ramukan iskarta. Kuɗin wuta kuma ba abin tayar da hankali ba ne: wat 15 na awa takwas bai kai kashi ɗaya cikin takwas na yunit guda a mita ba. Abin tsoro na gaske shi ne wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi, da kuma tsawa. Sa mata soket mai kariya.

Tawa ta biya ce, ba ta kyauta ba. Duk wannan ya shafe ni?

Maganar wuta da ruwa da agogo da HDMI duk sun shafe ka. Bambancin shi ne ba kowace dikodar biya ke naɗa ba. A wajen DStv, Explora ce mai faifan ajiya a ciki, tana ɗauka ko tana barci matuƙar ba a zare ta daga soket ba, kuma sai kuɗin damar naɗa na wata yana kan aiki. Ƙaramar ta HD ba ta naɗa. Kowace iri kake da ita, duba ranar da kuɗinka zai ƙare, kada ya yanke a daren da ka saita. Ka kuma tabbata tashar tana cikin kunshin da ka biya.

Na bi duk wannan. Yaya zan tabbatar kafin daren wasan?

Yi gwaji da rana, ranar da kake gida. Saita Timer na awa biyar a kan tashar da za ka ɗauka, kashe talabijin, ajiye rimot, kada kowa ya taɓa. Tsakiyar gwajin kashe soket ɗin bango na minti ɗaya ka ga ko batirin ya riƙe. Da ta gama, buɗe fayil ɗin ka tsallaka zuwa ƙarshensa, kada ka tsaya a farko.

In ta yanke, rubuta ƙarfe nawa ta fara, ƙarfe nawa ta tsaya, da girman fayil ɗin. In kuma tana mutuwa tana tashi da kanta alhali wuta ba ta motsa ba, ko fitilar gabanta na ƙyaftawa, ara adafta mai bolt da amfiya irin nata ka gwada tukuna, domin adafta ta fi dikoda saurin gajiya, kuma ta fi ta araha nesa ba kusa ba. Sai in wannan ma bai yi ba za ka kai wa mai gyara. Ka haɗo masa da adaftar da filash ɗin da rimot, da takardar da ka rubuta lokutan a kai.